Gandu, Fansho da Mai Jinya: Tarihin Riƙon Tsofaffi a Kudancin Nijar

Idan ana maganar tsofaffi a tarurrukan Yamai, ko cikin rahotannin ma'aikatu da ƙungiyoyi, akan raba kulawar da suke samu gida biyu. Akwai ta hukuma, wato fansho da asibiti da doka, akwai kuma ta dangi, wadda ba ta da ofis balle rajista. Daga nan sai a tsara labarin kamar na gado: wai dangi sun riƙe tsofaffi tun kaka da kakanni, yanzu zamani ya gajiyar da su, saura hukuma ta karɓa kamar yadda ta karɓa a Turai. Labarin yana da daɗin ji, amma tarihin ƙasar Hausa ta Nijar, daga Adar zuwa Damagaram, bai bi wannan hanya ba. Cikin shekara ɗari da ashirin da suka wuce hukuma ta kawo kuɗi da takarda ga ƴan ƙalilan, su kuwa suka zuba kuɗin cikin tukunyar gida. Hannun da ke tayar da tsoho zaune, ya dama masa fura, ya wanke masa tufa, bai taɓa barin gida ba, kuma galibi hannun mace ne. Hukuma kuwa ta daɗe tana taɓa rayuwar tsofaffi ta hanyar haraji da kasuwa tun kafin ta yi tunanin taimaka musu.

Mai buɗe rumbu

A ƙauyen Hausa na farkon ƙarni na 20, gandu shi ne fanshon namiji. Maigida ke riƙe da gonar gado. Ƴaƴansa maza da ƙannensa, masu aure da marasa aure, suna yi mata aiki kwana huɗu ko biyar a mako lokacin damina, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. Hatsin gandu yana shiga babban rumbu, wanda ba a buɗewa sai da izinin maigida. Shi kuma ciyarwa a wuyansa take, da haraji, da kuɗin auren fari na kowane saurayi, da ragon suna. Saboda haka ranar da ƙarfinsa ya ragu ya ajiye hauya, ba ya zama abin tausayi. Yakan koma gindin itace yana raba aiki: gona tasa ce, rumbu nasa ne, auren samari a hannunsa yake.

Masu kewar zamanin da sukan tsallake wannan gaɓa. Biyayyar ɗa ga uba tana da tushe a addini da tarbiyya, babu musu, amma tana da tushe kuma a ƙasa da hatsi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa manoma masu hali su ne suka fi iya riƙe ƴaƴansu masu aure a gandu; talakan da gonarsa ba ta ciyar da gida, ɗansa kan fita da wuri ya nemi na kansa. Ke nan tsohon da ya fi bukatar ƴaƴa kusa da shi, shi ne ya fi saurin rasa su. A wannan ɓangare na iyaka, Claude Raynaut ya zauna a Sumarana, bakin Gulbin Maraɗi, ya kuma tarar tun ƙarshen shekarun 1960 gandu yana kwancewa, kowane magidanci yana jan nasa.

Hanyar mace daban take, ta kuma fi santsi. Mace kawo ta aka yi gidan miji. Idan mijin ya rasu, tumunin takaba, wanda za ta raba da kishiyoyinta, ba ya riƙe rai. Abin da ke tsayar da ita a gidan shi ne ɗa namiji. In tana da shi, ta haye: a ɗauke mata aikin gandu, surukarta ta karɓi daka da ɗiban ruwa, a ba ta jika riƙo don aike da ɗebe kewa. Wannan riƙon jika, wanda muke yi wa kallon kyauta ga kaka, rabon aiki ne: gida yana tura ƙaramar yarinya inda ake bukatar ƙafa da hannu. Ita ma tsohuwar ba zaman banza take ba. Tana kaɗi, tana daddawa, tana kiwon ƴan awakinta. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke tsayawa kan wankan jego, wurinta ake kai yaye. Abin da take ci, ta biya shi da aiki har ranar da jiki ya ƙi.

Wadda ba ta haihu ba, ko ƴaƴanta suka riga ta, ko mata kaɗai ta haifa suka watse gidajen aure, ita kan koma wurin ƴan'uwanta maza ko ƴaƴansu, inda haƙƙinta ya rataya ga kunyarsu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, ta kuma jingina tsufanta ga ƴaƴan riƙo. Ba kowa ke dacewa haka ba. Mai karatu ya san a kan wa zargin maita ya fi faɗawa a garuruwanmu: tsohuwa matalauciya wadda ba ta da mai tsaya mata. Da Bahaushe ya ce haihuwa mai rana, lissafi yake yi, kuma lissafin yana da waɗanda ya bari a waje.

Kada kuma a ɗauka kulawa mai doka ta fara ne da zuwan Nasara. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Tawa har Damagaram, ta wajabta wa mai hali ciyar da iyayensa matalauta, kuma wannan haƙƙi ne da alƙali ke iya tilastawa. Sai dai mazhabar Malikiyya ta taƙaita wajibcin ga mata da ƴaƴa da iyaye. Kaka da kawu da gwaggo da ɗan'uwa ba sa ciki. Abin da ya wuce nan zumunci ne da sadaka. Zakka tana da kason fakirai da miskinai, amma ba ta da kason tsoho don tsufansa kawai. A manyan biranen Hausa masu lalura sun samu tsari da shugabanci, akwai sarkin makafi, akwai sarkin kutare, amma ba a naɗa sarkin tsofaffi ba. Tsoho ko dai mai gida ne, ko kuma, in ya rasa kowa, ya shiga sahun masu jiran sadaka a ƙofar masallacin Juma'a da ƙofar attajirai.

A gidajen sarauta da na manyan fatake kuwa, bayi da kuyangi ke ɗauke da wahalar tsofaffi. Dokar Faransa ta 1905 ta haramta bautarwa a Afirka ta Yamma, duk da cewa abin ya ɗauki shekaru kafin ya sauka ƙasa. Barbara Cooper, cikin littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda aikin da bayi mata ke yi ya koma kan matan aure, musamman ƙanana. Jinyar tsoho tana cikin kayan da aka sauke daga kan baiwa aka ɗora wa amarya.

Lanho da gyaɗa

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Abin da suka fara aikawa gidan tsoho shi ne lanho, harajin kai da ake biya da kuɗi. Rajistar haraji ita ce takardar hukuma ta farko da ta san akwai tsofaffi, kuma ta san su ne ta hanyar cire su, domin ƙa'ida ta yafe wa gajiyayyu da naƙasassu. Amma sauran mutanen gida duka a kan maigida suke. Idan kuɗin bai cika ba, sai saurayi ya ɗauki sanda ya tafi ci-rani Kano ko Jos ko Kurmi. Kuɗin da ya samo da ƙafarsa ba hatsin gandu ba ne, a aljihunsa yake. Ranar da ɗa ya fara biyan lanhonsa da kansa, ya kuma tara kuɗin aurensa da guminsa, rabin igiyar da uba ke riƙe da shi ta tsinke, ko da gaisuwa da durƙuso ba su ragu ba.

Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da ta 1931 wadda fara ta jawo ta kuma fi tsanani a yammacin ƙasa, sun sa masu mulki suka tilasta ajiyar hatsi a rumbunan tsimi da ke ƙarƙashin idon hukuma. Ko da an yi shi da niyyar tanadi, ma'anarsa ita ce wani kaso na shawarar da ke hannun maigida, ta yaushe za a buɗe rumbu da nawa za a fitar, ya koma bariki. Aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, da ɗiban soja, su ma samari suke kwashewa daga gona.

Sai gyaɗa. Nomanta ya bazu a yankunan Maraɗi da Damagaram daga shekarun 1930, ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke riƙe da cinikinta. Gyaɗa kuɗi ce, kuma kowa na iya shuka ta a gamanarsa. Gona ta soma shiga jingina da ciniki, gado ya soma rabuwa tun uba bai daɗe a kabari ba, wani lokaci ma tun yana raye. Jama'a kuma tana ƙaruwa: daga kimanin miliyan 3 a 1960 zuwa sama da miliyan 5 a ƙidayar 1977, zuwa miliyan 17 a ta 2012. Gonar da ta riƙe gandu mai ƙarti goma, yau an yanka ta gunduwa-gunduwa. Babu wata doka da aka rubuta don rage ikon dattijai, amma haraji da kasuwa da ƙarancin ƙasa sun yi wannan aiki fiye da kowace doka.

Mazan jiya

Talakan Nijar na farko da ya ga kuɗi yana zuwa daga hukuma saboda aikin da ya riga ya wuce shi ne tsohon soja. Wanda ya cika shekara 15 yana aikin sojan Faransa yana da haƙƙin fansho, wanda ya samu rauni a yaƙi yana da na naƙasa, mai katin mayaƙi kuma yana da ɗan abin da ake ba shi idan ya tsufa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yaƙe-yaƙen Indocin da Aljeriya, mazan jiya sun zama sanannun mutane a garuruwa: ga lambobi a ƙirji ranar faretin hukuma, ga ɗan littafin fansho a naɗe cikin tsumma, ga tafiya bariki duk bayan wata uku.

Abin lura shi ne inda kuɗin yake zuwa. An tsara fansho a Faransa don mutum guda da matarsa da ƙananan ƴaƴansa. A nan ya faɗo cikin gida mai baki ashirin ko talatin. Da shi ake biyan lanhon dangi, a sayi hatsi lokacin bazara, a yi wa ƙane aure, a kai yaro lakkwal. Tsohon soja, wanda sau da yawa ɗan talaka ne ko ɗan bayi da sarki ya miƙa don ya cika adadin da aka yanka masa, ya dawo ya sami abin da gandu ke bai wa maigida: wani abu a hannu da ke sa ƴaƴa su zauna kusa. Fansho bai raba shi da dangi ba, ya zama sabon rumbu, kuma shi ke buɗewa.

Faransa kuwa ta yi wa rumbun ƙulli. Dokar kuɗi ta Disamban 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴancin kai a kan adadin da yake a lokacin, alhali na takwarorinsu Faransawa yana hawa tare da tsadar rayuwa. Shekara arba'in aka yi a haka, har tazarar ta zama ninki-ba-ninki tsakanin mutum biyu da suka kwanta rami ɗaya. A Nuwamban 2001 majalisar ƙolin shari'ar mulki ta Faransa ta yanke hukunci kan ƙarar Amadou Diop, wani tsohon saje ɗan Senegal, cewa wannan bambanci ne da doka ba ta yarda da shi ba. Shi mai ƙarar ya rasu tun kafin hukuncin. An yi ɗan gyara a 2002. Bayan fitowar fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb a 2006 aka daidaita fanshon naƙasa da kuɗin mayaƙi, sai kuma hukuncin majalisar tsarin mulki na Mayun 2010 ya kai ga daidaita sauran daga Janairun 2011, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. A lokacin mafi yawan masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa. Cikin waɗannan shekaru arba'in, giɓin da baitulmalin Faransa ya bari, ƴaƴa da surukai ne suka cike shi a Tasawa da Madawa da Mirya, ba tare da wani ya rubuta musu shi a matsayin bashi ba.

Takarda da shekaru

Rukuni na biyu shi ne ma'aikata. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan lafiya na zamanin mulkin mallaka suna da asusun ritayarsu. Dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare ta 1952, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka samu bayan yajin aiki, ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan kamfanoni, aka fara biyan kuɗin iyali a 1956. Bayan ƴancin kai aka kafa asusun CNSS a 1965, reshen fanshonsa ya biyo baya a 1967, ma'aikatan gwamnati kuma suka ci gaba da nasu asusun dabam. Tsarin kwafi ne na Faransa: mai albashi da mai ba shi aiki suna zubi, in ya kai shekaru ya karɓa. A ƙasar da mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa marasa albashi, wannan riga ce da aka ɗinka wa ƴan tsiraru. Har yau tsofaffin Nijar masu karɓar fansho ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma galibinsu maza ne mazauna birni.

Fansho yana tafiya da shekaru, shekaru kuma da takardar haihuwa. Mutanenmu suna lissafin haihuwa da yunwa kaza ko sarautar wane. Hukuma tana son rana da wata. Daga nan aka samu kalmomin nan biyu da ke kan katin dubban dattijai, "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, wadda wani akawu ya ƙiyasta da ido ko ta bakin shaidu biyu a kotu. Wani an rage masa shekaru don ya shiga lakkwal, sai ya yi aiki har bayan ƙarfinsa. Wani an ƙara masa, sai ritaya ta same shi yana da ƴaƴa a goye. Tsufan gida ana gane shi da furfura da jikoki da gwiwa. Tsufan hukuma lamba ce, kuma sau da yawa lambar ƙage ce.

Doka ta yi ƙoƙarin lanƙwasawa ga gidan Bahaushe a wuri guda: idan mai fansho ya rasu, kason gwauruwa ana raba shi tsakanin matansa. Amma abin da aka yanka don mace guda, in aka kasa shi uku ko huɗu, kuɗin goro ne. Kuma kafin ya fito sai takardar aure da ta mutuwa da ta gado, da zirga-zirga zuwa babban gari, wadda ɗa ko ƙane mai ilimin boko ne zai yi. Ko don a ci moriyar hukuma sai an bi ta kan dangi.

Shekarun 1970 da 1980 sun jarraba ɓangarorin biyu. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya gyaɗa ya kuma share dabbobi. Gwamnatin Seyni Kountché, da kuɗin yuraniyom a hannu, ta soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, abin da, a ganina, ya sauƙaƙa wa dattijan karkara fiye da duk wani asusun fansho, ko da yake ba da sunansu aka yi shi ba. Sai kasuwar yuraniyom ta faɗi, yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ta tarwatsa ƙauyuka. A irin wannan shekara masu ƙarfi ke tafiya, tsofaffi su zauna gadin gari da jikoki. A shekarun 1990 kuwa gwamnati ta tara bashin albashi na watanni, fansho ya riƙa makara, darajar sefa ta karye da rabi a Janairun 1994. Ma'aikacin da ƙauye ke dogara da shi ya koma yana jiran buhun hatsi daga ƙauye. Dogaron da aka zaci hanya ɗaya yake bi, sai ga shi yana kai da kawowa.

Tabarmar da ke gefen gado

Babu inda dangantakar ta fi fitowa fili kamar asibiti. Asibitin zamani, na gwamnati ne ko na mishan irin na Galmi da aka buɗe a 1950, an gina shi ne a kan zaton cewa kowane majiyyaci zai zo da nasa mutum. Likita yana dubawa ya rubuta magani, ma'aikacin jinya yana allura da ƙarin ruwa. Amma sayo maganin, da dafa abinci, da wanka, da juya marar lafiya, da zubar da fo, da kiran ma'aikaci cikin dare, duka aikin mai jinya ne, wadda ke shimfiɗa tabarmarta a gefen gado ko a baranda. Ba ta cikin jerin ma'aikata, ba ta da albashi, amma in aka cire ta ɗakin ba zai kwana yana aiki ba. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, wanda aka buga a 2003, ya nuna irin bambancin da ke tsakanin majiyyacin da ke da sanayya da wanda ba shi da kowa. Tsohon da ba shi da mai jinya, kusan a ce ba shi da asibiti.

Cututtukan tsufa kuma masu daɗewa ne: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, yanar ido, ruɗewar tunani. Asibiti yana riƙe mutum mako guda ko biyu ya sallame shi, sauran shekarun na gida ne. Tun da aka shigo da tsarin biyan kuɗin magani a shekarun 1990, bisa Shirin Bamako na 1987, kowace takardar magani taron dangi take kira. Da aka kawo magani kyauta a 2005 da 2006, an ba da shi ga tiyatar haihuwa da awon ciki da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Zaɓin yana da hujja a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 60 zuwa sama kuma ba su kai 5 cikin 100 ba. Senegal, a shekarar 2006 ɗin, ta zaɓi ta fara shirin Sésame na magani kyauta ga masu shekara 60, ta kuma sha fama da bashin asibitoci a kansa. A Nijar tsarin mulkin 2010 ya ɗora wa gwamnati kula da tsofaffi, aka tsara manufar kare jama'a a 2011, aka yi doka a kanta a 2018. Rubutun ya yi nisa, aikin yana baya.

Gidan tsofaffi irin na Turai bai yi saiwa a nan ba, kuma dalilin ba kuɗi kaɗai ba ne: ɗan da ya kai uwarsa irin wannan wuri ba zai iya zama majalisa ba. Wannan kunya tana kare mai ƴaƴa. Amma ita ce kuma ke hana a yi maganar marar ƴaƴa, domin amsa cewa akwai tsohuwar da ke kwana da yunwa a unguwa tamkar zagin unguwar ne.

Shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, wanda a lokacin ya riƙa ba da jika goma a wata ga gidaje matalauta ta hannun mata, ya maimaita darasin mazan jiya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da suka bi sawun irin waɗannan tallafi a ƙauyuka sun ga yadda kuɗin, bayan masu rabo sun tafi, ke komawa hannun maigida, ko a sake kasa shi bisa ƙa'idar gari. Hukuma tana zaɓar mutum, gida yana maida shi rabon kowa. Wani lokaci wannan shi ke sa kaka ta samu kunu. Wani lokaci shi ke sa abin da aka nufe ta da shi ya wuce ta.

Su kuma masu ɗauke da nauyin, yanayinsu yana sauyawa. A kudancin Maraɗi, inda ƙasa ta fi matsewa, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun nuna a 2004 yadda mata ke rasa gamana, har ana samun ƴan matan da suka tashi ba su iya noma ba. Macen da ba ta da gamana ba ta tara awaki, wadda ba ta tara awaki ba kuwa za ta shiga tsufa hannu wofi, ta dogara kacokan ga ɗanta. Ɗan kuma yana Abijan ko Legas ko Libiya, yana aiko kuɗi ta kamfanonin aike, yana gaisuwa ta wayar salula. Kuɗin yana sayen hatsi da magani, amma ba ya ɗaga tsoho zuwa bayan gida. Wannan yana kan matar da ya bari, wadda ke da nata ƴaƴa shida ko bakwai, ko kan jikar da aka cire daga lakkwal don ta zauna da kaka. Haka nan a yankin Kance, inda mata ke tafiya Aljeriya nema, kakanni ne ke riƙe da yaran da aka bari a gida, a shekarun da ya kamata a ce su ake riƙo.